Mai Daddawa da Malalar Ɗanyen Mai

Aikin daddawa akwai wahala, amma wahalar duk a farko take. Kalwa ƙwaya ce mai taurin kai. Sai an ɗora ta tun la'asar, ana ta iza itace, ta kwana tana tafasa kafin ɓawonta ya saki. Da safe a zuba a turmi a surfe, a wanke, a tsince tsakuwa da waɗanda suka ƙi dahuwa, a mayar tukunya da ɗan kanwa. Daga nan a tsane, a juye cikin kwando ko ƙwarya tun da zafinta, a rufe da ganye, a lulluɓe da buhu da tsumma, a tura lungun ɗaki. Kwana biyu zuwa uku mai daddawa ba ta da sauran aiki, sai dai tsare yara da kaji kada su buɗe.

In ka cusa hannu ƙarƙashin buhun a rana ta biyu za ka ji ɗumi, alhali wuta ta daɗe da mutuwa. Kalwar ta yi duhu, ta fara yauƙi, warin da ke sa maƙwabta su san yau ana daddawa ya tashi. Mai wannan aiki wata ƙwayar bakteriya ce da masana ke kira Bacillus subtilis. Matar ba ta saye ta a kasuwa ba, ba ta kuma barbaɗa ta ba. Da ma tana nan a ƙasa da ƙura, a jikin kwando da ganye. In ta ji wuya sai ta dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri wanda zafi ba ya saurin kashewa, don haka tafasar da ta halaka sauran ƙwayoyi ita fili ta share mata. Ita ke narkar da naman kalwa har ya ba da ɗanɗano da warin da muka sani. Ita ɗin ce dai Japanawa ke sa wa waken soya su yi abincinsu mai yauƙi da suke kira natto.

Ke nan dafawa da surfe da lulluɓi duk tanadi ne aka yi wa ma'aikacin da ba a gani: laushi, danshi, ɗumi, da ɗan iskar da za ta ratsa kwando. In an kuskure ɗaya, daddawa ta lalace.

Masu kimiyyar share gurɓatar ƙasa da ruwa sun sha dogon zagaye kafin su iso inda matar nan take. A 1972 wani masani ɗan asalin Indiya, Ananda Chakrabarty, da ke aiki a kamfanin General Electric a Amurka, ya nemi a ba shi haƙƙin mallakar wata bakteriya da ya sarrafa a ɗakin bincike. Ya tattara mata baiwar da ke warwatse a jikin danginta, yadda ita kaɗai za ta iya cin sassa da dama na ɗanyen mai. Hukumar ba da haƙƙin mallaka ta ce abu mai rai ba a mallakarsa da takarda. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1980 alƙalai biyar suka goyi bayansa, huɗu suka ƙi. Hukuncin ya buɗe ƙofar kasuwancin halittun da aka sarrafa, har yau ana karanta shi a makarantun lauyoyi. Ita kuwa bakteriyar da aka yi shari'ar dominta ba a taɓa sakinta kan wata malalar mai ba.

A watan Maris na 1989 jirgin dakon mai Exxon Valdez ya daki dutse a tekun Alaska, ɗanyen mai kimanin galan miliyan 11 ya malala. An yi ta wanke duwatsun gaɓa da ruwan zafi. Da masana suka ɗebi tsakuwar wurin suka duba, sai suka tarar masu cin mai suna nan tun fil azal, domin mai na tsatsowa daga ƙarƙashin teku tun kafin ɗan Adam ya san amfaninsa, kuma halittu sun daɗe da koyon cinsa. Abin da ya rage musu mahaɗi ne. Mai kusan duk kabon ne, ga abinci ya yi yawa, amma babu isasshen naitirojin da fosfaras da ƙwaya za ta gina jiki ta hayayyafa. Sai aka fesa wa gaɓar taki, mai sinadaran da ke cikin buhun takin zamani. Cikin 'yan makonni inda aka fesa ya yi fes a tsakiyar baƙin gaɓa, har ana hango iyakarsa daga jirgin sama. Daga nan aka bi kilomita fiye da ɗari da wannan dabara.

Ni wannan ya fi burge ni a kan labarin kotu, ko da yake na kotun ya fi daɗin bayarwa. Mu mutane muna son a ce ga kwalba, ga magani a ciki, a zuba a huta. Mai tallan irin wannan kwalba ba ya rasa mai saye, musamman in mai sayen da kuɗin gwamnati zai biya.

To amma takin ma iyakarsa inda iska ke kaiwa. A Alaska, shekaru da dama bayan hatsarin, in aka tona ƙarƙashin tsakuwa a wasu wurare ana samun mai kwance. A gida Najeriya ma haka. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 ya nuna cewa dabarar da aka dogara da ita, ta kaftar ƙasar sama a juya ta a sa taki a bar wa bakteriya, ba ta yi aiki ba, domin a wurare da yawa mai ya nutse fiye da mita biyar. A Nisisioken Ogale an sami mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin da ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sama ta yi kyau a ido, ciyawa ma ta fito, amma ba a nan gizo ke saƙa ba.

Akwai kuma dattin da ba abincin kowa ba ne, kuma shi ya fi shafar mu a Arewa. Mai ana iya farfasa shi ya koma iska da ruwa. Dalma kuwa ba ta farfasuwa, komai aka yi mata dalma ce. Haka kuromiyam ɗin da masana'antun jima ke amfani da shi, wanda ya sa ake yawan kuka da ruwan da ke fitowa daga Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano. Akwai bakteriyar da ke iya juya shi daga siffa mai tsananin guba zuwa mai sauƙi, akwai sinadarai irin su farar ƙasa da ke sa shi ya kwanta a ƙasan tanki. Duk da haka sai wani ya kwashe laka ya san inda zai kai ta.

A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Dutsen zinare ake kawowa gida, a daka a turmi, a niƙa a injin hatsi, ƙurar mai ɗauke da dalma ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Likitoci na da maganin da ke kamo dalma a jini ya fitar da ita ta fitsari, amma ba shi da amfani in yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar. Dole aka ɗauki shebur da baro, gida-gida, ana kankare ƙasar sama, ana zubawa a buhu, ana binnewa a rami nesa da gari, ana kawo sabuwa a shimfiɗa. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, sai a 2013 aka yi mata nata, bayan an daɗe ana jiran gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, yaran garin kuma suna jiran a gama kafin a fara ba su magani. Shekara biyu bayan haka, a 2015, irin wannan guba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28.