Haƙƙin Bawa Ya San Dalilin Hukuncin Na'ura

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka sani a Kurudu, kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, mai shago yakan nemi bashi ta manhajar waya, kafin ya ajiye wayar an ce bai cancanta ba. Hukuncin riba malamai sun gama bayaninsa, ba shi ne zancenmu ba. Zancenmu shi ne wa ya yanke hukuncin hana shi, kuma da wace hujja. Kwamfuta ce, wadda aka horar da bayanan dubban mutane, ta auna shige da ficen kuɗinsa ta kintata ba zai biya ba. Sau da yawa maƙeranta ma ba sa iya nuna abin da ya rinjaye ta.

Duba Suratul Kahfi. Halliru, bawan da Allah Ya sanar da shi ilimi daga wajenSa, ya huda jirgi, ya kashe yaro, ya tayar da katanga, amma bai rabu da Annabi Musa ba sai da ya warware masa dalilin kowanne. To ina ga na'urar da iliminta tsintuwa ce daga rubuce-rubucen mutane, da daidansu da kurensu?

Kuma takan dace da gaskiya ta gurguwar hanya. A 2016 masana a Jami'ar Washington ta Amurka suka horar da na'ura ta bambance kyarkeci da kare, da gangan suka ba ta hotunan kyarkeci duk cikin dusar ƙanƙara. Da suka bincike ta da dabararsu mai suna LIME, sai ga shi ƙanƙarar take kallo, ba dabbar ba. Na'urar bashi ma tana iya kallon unguwar mutum ta bar amanarsa, kuma wannan zalunci ne ko da babu wanda ya nufe shi.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023, a sashe na 37, ta ba mutum damar ƙalubalantar hukuncin da na'ura ta yanke ita kaɗai, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa. Sai dai bayanin da aka zuba da Turancin masana bai isar wa mai shagon Kurudu da komai ba. A faɗa masa da harshen da yake ji: ga abin da aka auna, ga wanda ya fi nauyi, ga abin da in ya gyara hukuncin zai sauya.

Ya ku masu ƙera waɗannan na'urori, ku ji tsoron Allah cikin bayinSa. Kai kuma ɗan'uwa, in an hana ka, ka tambayi dalili, ka ƙalubalanci hukuncin, doka ta ba ka damar ƙalubalantarsa.