Wanda ya ƙi gado, in ya dawo, magaji ne ko baƙo?

Masu iya magana na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mun saba jefa wa matasa wannan karin magana kamar hukuncin da ba shi da ɗaukaka ƙara, ba tare da mun tsaya kan abin da ke biyo bayansa ba: in wanda ya bar gidan ya komo bayan shekara ashirin ya yi sallama a ƙofa, a matsayin wa za a karɓe shi? Abin da ya tayar mini da wannan tambaya labarin wasu makaɗa ne na ƙasashen Turawa, waɗanda da wuya mai karatu ya taɓa jin kiɗansu a gidan rediyo a Maraɗi ko Damagaram, amma na ga al'amarinsu ya isa a yi tunani a kansa.

Wajajen shekarar 1976 wani salon kiɗa ya ɓarke a Landan da Niyok, aka kira shi pank. Ingila na cikin matsi a lokacin, rashin aikin yi ya yi wa matasa katutu, har gwamnati ta kai kukanta ga asusun FMI neman bashi a wannan shekara. Samari suka ɗauki gitar mai aiki da lantarki, suka ƙure muryar amsa-kuwwa, suna waƙoƙi gajeru masu sauri, ana ihu fiye da rerawa. Ba ƙwarewa suke nema ba, hasali ma ƙwarewar suke yi wa ba'a. A farkon 1977 wata ƴar jarida da ake bugawa da hannu ta zana yadda ake ɗora yatsu a kan gitar iri uku kacal, ta ce wa mai karatu ya je ya kafa tasa ƙungiya. Abin da ya fi jan hankalina a wannan tawaye shi ne iƙirarinsa cewa duniya ta fara ne daga ranar. Duk abin da iyaye da yayye suka kaɗa sai aka mai da shi tsummoki, wanda kuma aka kama yana sauraron tsofaffin faya-fayai sai ya sha kunya a gaban abokansa.

To, sai ga shi shekaru sun ja. A 1999 Mike Ness, jagoran ƙungiyar Social Distortion ta Kalifoniya, ya fitar da faifai biyu da sunansa shi kaɗai, na biyunsu cike da tsofaffin waƙoƙin karkarar Amurka, irin na su Hank Williams. A 2006 Greg Graffin na ƙungiyar Bad Religion, wanda ya yi digirin digirgir a jami'ar Cornell kan ilimin halittu, ya fito da Cold as the Clay, inda ya rera waƙoƙin da suka girmi kakansa, irin waɗanda ake yi a taron dangi. Chuck Ragan na Hot Water Music da Tim Barry na Avail suka bi sahu, a Ingila kuma Frank Turner ya rungumi gitar ta katako bayan ƙungiyarsa Million Dead ta watse a 2005. Mutanen da suka yi suna da fasa dodon kunne, ga su zaune da goge irin na Turawa da banjo, suna waƙar mahaƙan kwal, da fursunoni, da matafiya a jirgin ƙasa.

Masu sukar su ba su rasa abin faɗi ba. Wasu suka ce tsufa ne kawai, maƙogwaro ya gaji, gwiwa ta daina tsalle. Wasu suka ce lissafin aljihu ne, domin a daidai waɗannan shekaru cinikin faya-fayai ya faɗi, mutum guda da gitarsa a bayan mota kuwa ya fi sauƙin ciyarwa da mutum biyar da kayan sauti. Ban musa ko ɗaya ba, kuma ban ga abin kunya a ciki ba, tun da makaɗi ma yana biyan kuɗin haya. Sukar da ta fi nauyi ita ce ta uku, wadda ke cewa wannan komawa tuba ce: ɗan tawaye ya sunkuyar da kai, ya yarda cewa manya ne ke da gaskiya tun farko, ashe ihun da ya yi a ƙuruciya zazzaɓi ne da ya sauka. In haka ne, to dubban matasan da suka gaskata shi an yaudare su ke nan. A nan ne nake ganin an yi kuskuren karatu, kuma rayuwar Joe Strummer ce ta nuna mini haka.

Sunansa na yanka John Mellor, an haife shi a Ankara a 1952, mahaifinsa ma'aikacin jakadancin Ingila ne. Kafin duniya ta san shi a matsayin muryar ƙungiyar The Clash, saurayi ne mai yawo da ya sa wa kansa suna Woody, saboda ƙaunar da yake yi wa Woody Guthrie, mawaƙin nan na Okalahoma da ya bi manoman da fari da guguwar ƙura suka kora daga gonakinsu a shekarun 1930, yana waƙar halin da suke ciki. Strummer ya yi kiɗan neman taro da sisi a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tare da abokinsa Tymon Dogg. Da pank ya zo a 1976, sai ya bar ƙungiyarsa ta farko, ya juya wa tsofaffin abokan zamansa baya kamar bai taɓa saninsu ba. Wasunsu sun ba da labarin zafin da suka ji a fim ɗin da Julien Temple ya yi kan rayuwarsa a 2007. The Clash ta watse a 1986, ya yi shekaru yana gantali tsakanin fina-finai da ƙananan ayyuka. Da ya kafa The Mescaleros a ƙarshen shekarun 1990, cikin waɗanda suka dawo gefensa har da Tymon Dogg da gogensa, kuma faifansu na 2001, Global a Go-Go, ya rufe ne da wani tsohon amo na ƙasar Ailan wanda suka ja kusan minti 18.

Ina cin amanar take a wannan labari? A ganina tana can farko, ranar da ya yi kamar ba shi da jiya. Ƙaryar da pank ya yi wa kansa ita ce wai ba shi da uba, alhali kuwa abin da yake taƙama da shi, watau kowa na iya ɗaukar gitar ya faɗi abin da ke cin ransa ba tare da izinin kowa ba, shi ne ainihin abin da Guthrie da ire-irensa suka yi shekaru arba'in kafin nan. Saboda haka komawar ba ta warware tawayen ba, ƙarya guda ta cire daga cikinsa. Makonni biyar kafin rasuwarsa a Disamba 2002, Strummer ya yi wasa a unguwar Acton ta Landan domin tara kuɗi ga masu kashe gobara da ke yajin aiki. Wanda ya tuba daga tawaye ba a can za a same shi ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ƙara mafaka ce. Mutum huɗu na dukan kaya da ƙarfin lantarki, taro na turereniya, wa zai ji in baitinka gurgu ne? Amma ka tsaya kai kaɗai da katako da tsarkiya shida a gaban mutum hamsin da suka yi tsit, to kowace kalma za ta tsaya da ƙafarta ko ta faɗi. Mu da muka san abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsarkiya guda, yana waƙar karen mota da sauran ƙananan mutane, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Da yawa cikin waɗannan faya-fayai na kaɗaici ba su da daɗi, in faɗi gaskiya, domin sun tona asirin mutanen da ashe ba su da abin cewa in an kashe injin. Waɗanda suka tsira sun tsira ne da hujja.

Sai dai wanke su daga zargin tuba bai kashe maganar ba, domin akwai tambayar da ta fi wannan ƙaya. Gidan da suka ce sun komo, nasu ne? Graffin yana iya cewa a bakin danginsa ya ji waƙoƙin. Amma Strummer ɗan ma'aikacin jakadanci ne da ya yi makarantar kwana, Turner kuwa a Eton ya yi karatu, makarantar da ta yaye firayim ministocin Ingila da dama, kuma a 2012 ya cika babban zauren Wembley. Me ya haɗa su da mahaƙin kwal? Bahaushe zai fi kowa jin nauyin wannan tambaya, domin a wurinmu kiɗa sana'ar gado ce tun asali, kuma abin da ake fara tambaya game da makaɗi shi ne ɗan gidan wa ne. Kayan aro kuma, in ji mutanenmu, ba ya rufe katara. Lalle akwai masu aron a cikinsu: a tara gemu, a sa rigar ma'aikata, a shaƙe murya, a yi waƙar wahalar da ba a taɓa kwana da ita ba. Talaucin wani ya zama ado a jikin wani, wannan kuwa ba ƙaramin laifi ba ne.

Duk da haka ba zan yarda a mai da jini ma'auni ba, saboda dalili biyu. Na farko, asalin da ake magana a kai shi kansa gauraye ne. Banjo ɗin nan da ake ɗauka tambarin farar fatar karkarar Amurka, bayi ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan, bisa ƙirar kayan kiɗa masu tsarkiya na Afirka ta Yamma, dangin da molo da gurumi suke ciki. In da jini za a bi, da yawa cikin masu taƙama da gadon za su mayar da kaya. Na biyu, an ga inda wannan ma'auni ke kai mutane. A Ingila jam'iyyar BNP mai ƙyamar baƙi ta nemi ta mai da waƙoƙin gargajiya tutar tsarkin jini, har makaɗa suka kafa wata tafiya mai suna Folk Against Fascism a 2009 domin ƙwace waƙoƙinsu daga hannunta.

Ma'aunin da na fi amincewa da shi shi ne yadda mutum ya shigo. Wanda ya ƙi gado a ƙuruciya ya sauke wa kansa haƙƙin shigowa da taƙamar magaji. Abin da ya rage masa shi ne ya shigo kamar almajiri, ya zauna ya koya, ya ambaci wanda ya koya wurinsa, ya kuma tsaya a gefen mutanen da waƙar ta fito daga cikinsu. Ness ya sa wa faifansa suna Under the Influences, sunan da ke shelar cewa ana bin sa bashi. Billy Bragg, wanda ya fara da wata ƙungiyar pank mai suna Riff Raff, bai taɓa rubutattun baitocin da Guthrie ya bari ba sai da ƴar marigayin, Nora, ta gayyace shi, aka sami faifan Mermaid Avenue a 1998. Ragan kuma, a rangadin Revival Tour da ya fara a 2008, ya soke tsarin babban tauraro da ƙananan masu share fage, makaɗan suka riƙa hawa dandali tare suna taya juna waƙoƙinsu. Almajiri irin wannan wani lokaci ya fi ɗan gida sanin darajar abin da ke gidan, domin ɗan gida bai taɓa zaɓa ba, tarar da abin ya yi.

Na bar Rachid Taha a ƙarshe domin shi nasa al'amarin ya birkita tambayar gaba ɗaya. An haife shi a Aljeriya a 1958, iyayensa suka kai shi Faransa yana ɗan shekara goma, ya yi aikin masana'anta a yankin Liyon, ya kafa ƙungiyar da ya kira Carte de Séjour, watau takardar izinin zama da ake tambayar baƙo. A 1986 suka ɗauki Douce France ta Charles Trenet, waƙar da Faransawa ke ji kamar gadon kakanninsu, suka rera ta da amon Larabawa, a lokacin da ake ta jayayya kan wa ya cancanci zama ɗan ƙasa. Wannan kutse ne cikin gadon da aka ce ba nasa ba ne. Bayan ya koma aiki shi kaɗai sai ya juya ga waƙoƙin da tsaran mahaifinsa ke saurare a gidajen shayin ƴan ci-rani, waɗanda yaran da suka tashi a Faransa ke ɗauka kayan tsofaffi, ya tara su a faifan Diwân a 1998. Mafi shahara a ciki, Ya Rayah, ta Dahmane El Harrachi ce, mutumin da shi kansa ya yi shekaru da yawa yana zaman ci-rani a Faransa, kuma magana take yi da matafiyin da ya bar ƙasarsa. Ashe gidan da Taha ya komo, masu shi ma a baƙunci suka gina shi. Ya rasu a 2018 a kusa da Paris, aka kai gawarsa garin Sig inda aka haife shi.