Alƙalami ko guduma: zaɓen wa ne?

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, tambaya guda takan shiga gidaje da dama daga Damagaram har Yamai: ina yaro zai dosa? Ko dai ya shiga lise ya yi shekara 3 ya nemi bak, ta A ta adabi da harsuna ko ta C da D ta lissafi da kimiyya, ko kuwa ya nufi makarantar fasaha irin lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, inda ake haɗa littafi da aikin hannu.

A ɗauki yaro ɗan shekara 16 wanda makinsa na Faransanci bai wuce 9 bisa 20 ba, amma babu rediyon da za ta mutu a unguwa bai tada ta ba. Ya ce: «Baba, aikin lantarki nake so.» Uban ya ce: «Ban sa ka lakol don ka komo mini da baƙin hannu ba.»

Uban nan ba mugu ba ne. Ya tashi ya tarar lakol ɗin Nasara akawu da tafinta da mushe take fiddawa, kuma mai zama ofis ake tashi a gaida. Tun kafin Nasara ma, maƙeri da baduku kowa na bukatarsu, amma ba kowa ke ba su ɗiya ba. Ba yunwa yake jiye wa ɗansa ba, domin ya san masu takardar jami'a da ke zaune gida. Idon mutane yake tsoro. Shin daidai ne a jinginar da rayuwar yaro don a kare fuskar babba?

Sai dai malamin da ya yi gaggawar goyon bayan yaron shi ma yana iya yin zalunci. Sau da yawa ɗan talaka ake ce wa «je ka koyi sana'a», ɗan mai hali kuwa a ɗaukar masa mai bita a gida. Maki 9 na iya zama shaidar rashin fitila da littafi, ko ta koyon komai cikin harshen da ba a yi a gida. Idan makarantar fasaha ta zama wurin tura waɗanda aka yanke wa ƙauna, an wulaƙanta yaro, an wulaƙanta sana'ar.

Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyya ne da ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964, kuma bai ga ƙasƙanci wajen ƙera na'urar ɗuma ruwa da hasken rana ba.

Abin da ya rataya a wuyan mai ba da shawara shi ne ya gano ko yaron son lantarki yake, ko gudun Faransanci yake, domin su biyun sukan yi kama. Hutun damina ɗaya a shagon mai gyara, da zafinsa da tsawar maigida, yakan raba su. Daga nan sai malam ya je gidan, ya zauna da uban a zaure, yaron kuma yana wurin.