Faifai da igiya a Tafkin Jabi

Duk ranar Asabar da sassafe, mutanen Wuse da Utako kan cika bakin Tafkin Jabi, masu motsa jiki da masu hawa kwale-kwale. Ga ruwa a gabansu, amma da wuya ka ji wanda ya tambayi lafiyarsa. Datse ruwa aka yi aka samar da tafkin don shayar da Abuja tun tana sabuwa, kafin madatsar Usuma da ke Ushafa ta karɓi aikin. Da famfo ya daina dogara da shi, sai hankali ya kau daga kansa.

Alhali duba lafiyar tafki ba sai mai digiri ba. A shekarar 1865 wani masani ɗan Italiya, Angelo Secchi, ya zo da dabara mai sauƙi: farin faifai a ɗaure da igiya mai awo. Ka zura shi cikin ruwa a hankali har ya ɓace wa idonka, ka riƙe igiyar daidai fuskar ruwa, ka rubuta zurfin da kwanan wata. A jihar Minnesota ta Amurka, tun 1973 'yan sa-kai ke wannan awo a tafkunansu.

Me awon ke faɗa? Idan bara faifan na ɓacewa a kamu uku, bana a kamu ɗaya, ruwan ya ƙara gurɓata. Kumfar sabulu, takin zamani da ƙazantar da kwata ke kwasowa da damina abinci ne ga gansakuka. Ta yi yawa, ta mutu, ta ruɓe, ruɓewar ta cinye iskar da kifi ke shaƙa. Kafin a ga kifi ya taso ciki sama, igiya ta daɗe da ba da labari.

Masunta sun riga kowa sanin wannan. Sun san makon da ruwa ya koma kore, sun san kusurwar da wari ke tasowa. Abin da ke damuna shi ne saninsu a baki yake tsayawa, hukuma kuwa takarda take ji.

Don haka matasan Wuse, ku da ke zuwa gudu kowane mako, ku haɗa kai da masuntan nan. Ku tanadi faifai da littafi, ku riƙa awo a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, rani da damina. In shekara ta zagayo, ku kai wa Hukumar Kare Muhalli ta Abuja abin da kuka rubuta.