Fasali a kan Ladabin Amsa Tambayar Ƙananan Yara

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya buɗe harshen yaro da tambaya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, yaro in ya kai shekara 3 ko 4, bakinsa ba ya rabuwa da faɗin "don me?" Kada ka ɗauki wannan fitina ce. Shi ne mafarin tafakkuri, wanda muridi ke nema da halwa da raya dare. In ka kashe shi da tsawa, rayar da shi yana da wuya. Ladabin amsawa uku ne.

Na farko, ka hau da shi tsanin sababai taki taki. In ya ce, "Baba, don me ruwa ke sauka?" ka ce daga girgije yake. In ya ce don me girgije, ka ce rana ce ta zafafa ruwan teku, tururi ya tashi, ya yi sanyi a sama ya dunƙule, iskar kudu ta koro shi zuwa gare mu da damina. In ya ce wa ya hura ranar, to nan za ka ambaci Allah, ya sauka a zuciyarsa da nauyi. Amma wanda ya fara da "haka Allah ya yi" don a bar shi ya huta, ya mai da sunan Ubangiji marufin bakin yaro.

Na biyu, kada ka yi masa ƙarya. Kada ka ce dodo na cikin rijiya. Ka ce tana da zurfi, wanda ya faɗa ba ya iya fita. Ran da ya gane babu dodo, zai yi shakkar sauran zancenka, har abin da ka gaya masa na lahira.

Na uku, ka iya faɗin "ban sani ba". An ruwaito Imamu Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, an tambaye shi mas'ala 48, ya ce bai san 32 daga ciki ba. To, kai wane ne? Ka kama hannun yaron ku tafi ga wanda ya sani.

In gajiya ta kama ka, ka ce masa sai bayan magariba, kuma ka cika alkawari. Ka tuna Annabi Musa, da girman darajarsa, sau uku ya kasa yin shiru a tafiyarsa da Halliru: a kan jirgi, da yaro, da katanga. Halliru bai rabu da shi ba sai da ya bayyana masa dalilin kowane ɗaya. Yaya za ka nemi shiru daga ɗan shekara 4?

Allah ya ba mu haƙuri da faɗin gaskiya, ya shiryi zuriyarmu. Amin. Tammat bi hamdillahi.