Rabon Abincin Walima: Wa Zai Ƙoshi, Wa Zai Koma Da Yunwa?

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu yi magana a kan wani al'amari da mutane da yawa suke ɗauka aikin masu girki ne da 'yan kwamitin biki, babu ruwan malamai da shi, watau yadda ake raba abinci ranar walimar aure. Mai gida yakan kwana yana lissafin buhun shinkafa nawa zai saya, raguna nawa zai yanka, amma da wuya ya tsaya ya tambayi kansa ta wace hanya abincin nan zai isa bakin waɗanda ya gayyato. Alhali kuwa a nan ne alherin walima yake tabbata ko ya lalace, domin tukunya ɗaya tana iya ƙosar da mutum ɗari, tana kuma iya ƙosar da talatin ta bar saba'in suna kallo.

A da can, akushi ne da ƙwarya da tire. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a zauna biyar-biyar ko shida-shida, a sa hannu cikin tuwon shinkafa da miyar taushe, a kora da fura. Yanzu kuwa, musamman a birane, an sami zauren biki na haya inda masu hidima suke kai wa kowa farantinsa a tebur, an sami abinci a roba mai murfi wanda ake miƙa wa mutum ya tafi da shi, sa'an nan ga wanda ya fi tashe a wurin masu hali, wato ɗebi-da-kanka, inda ake jera manyan kwanuka a dogon tebur kowa ya ɗauki faranti ya shiga layi.

Da farko tilas ne mu faɗi gaskiya, Shari'a ba ta ɗaure mutane a kan hanya ɗaya ba. A aya ta 61 cikin Suratun Nuri, Allah Ya ɗauke laifi daga kan masu ci tare da masu ci daban-daban. Don haka wanda ya ce faranti bidi'a ne, ko cokali haramun ne, ya ƙuntata abin da Allah Ya yalwata. Gaskiya ne Abu Dawuda ya ruwaito daga Wahshi ɗan Harbu cewa wasu sahabbai sun kai kukan suna ci ba sa ƙoshi, aka umurce su da su haɗu a kan abincinsu su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka. Wannan falala ce, wanda ya same ta ya dace, wanda bai same ta ba bai yi saɓo ba.

To, idan duk sun halatta, ina abin magana? Abin magana shi ne manufar walimar kanta. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa abincin da ya fi kowane muni shi ne na walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta. Yawancinmu mun taƙaita fahimtar wannan a kan katin gayyata kawai. Amma ku duba da kyau, jama'a. Mutumin da ka aika wa kati, ya bar sana'arsa, ya biya kuɗin mota ya zo, ka zaunar da shi can baya kusa da ƙofa, yana ganin kaji da soyayyen nama suna wucewa zuwa babban tebur, shi kuwa har aka tashi ruwan leda kaɗai ya samu, shin ka kira shi ko ka bar shi? A ganina ka bar shi, har ka ƙara masa da wulakancin da ba zai gamu da shi ba da ya yi zamansa a gida.

Mu dubi yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi. Lokacin aurensa da Nana Zainab 'yar Jahshi, Ummu Sulaim ta aiko ɗanta Anas da haisu a ɗan kwano, shi haisu kuwa dabino ne ake cuɗawa da man shanu da busasshen cuku. Aka umurci Anas ya kira wasu mutane da aka ambata, ya kuma kira duk wanda ya gamu da shi a hanya. Anas ya ce sun kai kimanin 300. Ba a buɗe musu ƙofa su faɗa wa kwano gaba ɗaya ba. An ce su zauna goma-goma, kowa ya ci daga gabansa, wata ƙungiya ta fita wata ta shigo, har suka ƙoshi duka. Yalwar abincin mu'ujiza ce wadda babu mai iya kwaikwayo, amma tsarin zaman kowa yana iyawa. Haka kuma a shekara ta 7 bayan Hijira, a hanyar komowa daga Haibara, walimar Nana Safiyya ba gurasa ba nama, buzaye aka shimfiɗa aka zuba dabino da cuku da mai, babba da yaro abu ɗaya suka ci.

Da wannan ma'auni nake auna ɗebi-da-kanka, kuma ba na ɓoye cewa shi ne wanda na fi jin tsoro idan taro ya yi yawa. Masu sonsa suna cewa yana ba mutum zaɓi, mai ciwon sukari ya kauce wa abin da likita ya hana shi, wanda ba ya son yaji ya bar shi. Wannan hujja ce mai kyau a taron mutum ashirin ko talatin da suka san juna. Amma a taron ɗaruruwa, layi na mai ƙarfi ne da marar kunya. Saurayi ya yi tsalle ya riga kowa, ya tula shinkafa kamar dutsen Dala, ya ɗora tsoka huɗu, ya ci rabi ya ture saura. Dattijo mai sanda, da makaho, da malamin da kunya ba za ta bar shi ya riƙe faranti yana turereniya da ɗalibansa ba, da tsohuwar da take kunyar surukanta, waɗannan sai su zauna suna jira, kafin layi ya lafa an kai ƙanzo. Watau wannan tsari yana hukunta mutum a kan kunyarsa, alhali kunya reshe ce ta imani. Ga kuma almubazzaranci, wanda aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta hana a wajen ci da sha, domin ido ya fi ciki girma idan mutum yana tsoron kada ya komo ya tarar babu.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan fage ba. A cikin Muhtasar, Shaihu Halil ya kawo cewa amsa kiran walima wajibi ne ga wanda aka kira shi da sunansa, amma ya lissafa abubuwan da suke sauke wajibcin, daga cikinsu akwai yawan cinkoso da kuma a rufe wa mutum ƙofa. Ya kuma kawo karhancin watsa lauzu da sukari a wurin walima, sabo da wawason da yake biyo baya. Wanda ya karanta wannan wuri a zaure, sa'an nan ya ga yadda ake kokawa a kan kwanon nama a wasu bukukuwanmu, da yadda masu gadi suke tsayawa bakin ƙofa suna korar dangin amarya don sun manta kati, zai san ba sabuwar cuta ba ce.

Wani zai ce: to, manyan baƙi fa? Ashe ba a ruwaito Nana A'isha ta ba maroƙi gutsuren gurasa, ta zaunar da wani mai kamala ta ciyar da shi, ta kafa hujja da umurnin a ajiye mutane a matsayinsu ba? An ruwaito, ko da yake Abu Dawuda da kansa ya nuna cewa wanda ya karɓo labarin bai riski A'isha ba. Ko mun karɓe shi, maroƙin nan mai wucewa ne, ba gayyatarsa aka yi ba. Babu laifi a ba sarki ko malami ko waliyyin amarya wurin zama na girma. Laifin shi ne a yi tukunya biyu ga mutanen da aka kira da murya ɗaya. Kuma ko a wajen wanda za a fara da shi, ku tuna ranar da aka kawo madara a gidan su Anas, Sayyidina Abubakar yana hagu, wani Balaraben ƙauye yana dama. Sayyidina Umar ya so a miƙa wa Abubakar, amma Annabi ya miƙa wa na dama. In da matsayi kaɗai ake bi, wa ya kai Abubakar?

Ita kuwa robar nan mai murfi, wasu suna raina ta, suna cewa kora ce da hali. Lalle tana rage zaman tare, kuma tarin robobin da ake bari suna toshe magudanan ruwa abin kunya ne ga mai biki. Amma ni ina ganin mata wani alheri da ba a cika faɗa ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kayan abinci suka yi tsada, akwai matar da za ta zo biki ta bar marayu a gida, ba za ta iya haɗiye nama ba tana tuna su. Idan aka ba ta nata a rufe, ta sa a mayafi ta tafi, ba wanda ya san halinta, ba ta kuma shiga zargin ɗibar abin da ba a ba ta ba. Sharaɗi dai kada a yi roba iri biyu, babba mai kaza ga masu babbar riga, ƙarama mai ƙashi ga sauran bayin Allah.

Tiren gargajiya ma yana da nasa aibi, kada son abin da muka saba ya rufe mana ido. Mai saurin loma yana cutar mai tauna a hankali, kuma a lokacin da cutar amai da gudawa take yawo, hannu goma cikin ruwan wanki ɗaya hanya ce ta cuta. Wanda zai yi shi ya tanadi buta da sabulu, a zuba wa kowa daga sama.

Abin da nake zaɓa wa mai babban taro shi ne baƙi su zauna, abinci ya je musu. Ya naɗa samari amintattu daga dangi, kowane da rukuninsa, a fara daga gefe ɗaya a bi dama har ƙarshe, kada a tsallake kowa don a kai wa wani. Ɓangaren mata a ware musu nasu tun daga murhu, kada su jira ragowar maza. Kafin a buɗe kula ta farko, a fitar da rabon waɗanda suke waje, direbobin da suka kawo baƙi, da masu gadi, da masu wanke-wanke, da almajiran unguwa, da maƙwabtan da hayaƙin girkin ya shiga gidajensu tun asuba. Idan mai gida ya lissafa ya ga abin da ke hannunsa ba zai kai haka ba, sai ya rage kalar abinci ko ya rage kati. Abdurrahman ɗan Aufu, ɗan kasuwa ne da ya zama ɗaya daga manyan mawadatan Madina, kuma da ya yi aure abin da aka umurce shi da shi walima ce ko da da tunkiya ɗaya. Allah ne mafi sani.