Mai Bishara Ma Yana Bukatar Ɗan'uwa

Sa'ad da ikilisiya ta ɗora wa mai bishara hannu, ta aike shi wani gari kamar Chinade a ƙasar Katagum, akan yi waƙa, a yi addu'a, a tara baiko. Daga nan kowa ya koma gidansa. Shi kuwa sai ya iske kansa a garin da yawancin mutanensa Musulmi ne, masu bi kuwa 'yan kaɗan, galibi baƙi waɗanda aiki ya kawo, aiki kuma yakan ɗauke su ba zato. Maƙwabta suna iya karɓarsa da mutunci, amma wa zai faɗa wa cewa zuciyarsa ta karai? Matarsa, wadda ta baro zumuntar mata, sau da yawa kaɗaicinta ya fi nasa.

Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Manzo Bulus kansa, yana kurkuku, ya yi kukan cewa Dimas ya yashe shi, Luka kaɗai ya rage. Ya roƙi Timoti ya hanzarta zuwa, ya taho da Markus (2 Timoti 4:9-11). Ubangiji ma biyu-biyu ya aiki almajiransa (Markus 6:7).

Tun 1948 EMS take aika masu bishara, ikilisiyoyi suna ɗaukar nauyinsu. Amma nauyin bai tsaya ga albashi ba. Ya kamata dattawan ikilisiyoyin Azare su riƙa zuwa da ƙafarsu, su ci tuwon gidansa, su kwana, su yi sujada tare da shi ranar Lahadi, ko da mutum biyar ne suka taru.